Maratayi, Kwalbar Mai da Saiti: Lacca Kan Tsofaffin Bindigogin Soja

(An gabatar da ita a Yelwa, Mubi)

 

Ƙasar nan tamu ta ga bindiga iri-iri. Jamus ta mulke mu da Mauser a hannu. Turawan Ingila suka zo da tasu a yaƙin duniya na farko, Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma, can kan duwatsun Mandara, sai a Fabrairun 1916 ta miƙa wuya. Daga nan Lee-Enfield ta zauna da gindinta, wadda tsofaffin 'yan sanda ke kira Maka Fo. Ita kakanninmu suka rataya zuwa ƙasar Bama a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma. Harsashi goma take ci.

Kowa kunama yake kallo. Ni kuwa ƙananan kaya uku nake so mu duba.

Ku juya gindin bindigar. Akwai ɗan murfi a jikin ƙarfen, in an buɗe za a tarar da 'yar siririyar kwalbar mai, tsofaffin na tagulla ne, tare da igiya mai nauyi a bakinta. Soja zai ɗaura ƙyalle, ya zura igiyar ta cikin bututun, ya ja. Amma mai kaɗai ba ya isa. Harsashin wancan zamani yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, kafin a ankara tsatsa ta ci ƙarfe. Shi ya sa ake tsiyaya tafasasshen ruwa ta ciki tukuna, a busar, sannan a shafa mai. Kaɗan fa! A hunturun Mubi, mai in ya yi yawa ƙura ce ke manne masa har sakatar ta cije. Damina kuma tata matsalar daban.

Maratayin na kakkauran saƙi ne da ƙugiyoyin tagulla. Ba don ɗauka kawai aka yi shi ba, gwani kan naɗe shi a damtse don hannu ya daina rawa.

Saiti kuwa ƙarfe ne zalla, babu gilashi. A tsohon samfurin lambobin sun tashi daga yadi 200 har 2,000. Ku tambayi iyayenmu maharba da ke zaune nan ko idon mutum na tantance abu a wannan nisa. Sun fi ni sani, su da suka taimaka wa sojoji ƙwato garin nan daga hannun maharan da suka mamaye shi a Nuwamban 2014.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake lalata waɗannan kaya da sunan gyara. A goge tagulla da yashi har tambarin masana'anta ya ɓace, a yar da maratayi a ɗaura igiyar leda. To, an shafe shekarar ƙira ke nan, da ita ake gane hannun da bindigar ta bi.

Sannan kada mu manta, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja irin wannan cikin waɗanda aka haramta riƙewa ba tare da izini ba. Wanda ya gaji irinta a ɗakin kakansa, kada ya goge, kada ya gwada harbawa. Ya sanar da mai unguwa da hukuma, mu kuma malamai mu nemi a adana ta a gidan tarihi da cikakken bayanin mai ita.