Ragin Farashi da Cinikin Na'urorin Wasan Bidiyo



Duk wanda ya san ciniki zai yi mamakin jin cewa akwai kamfanin da yakan sayar da hajarsa ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera ta, kuma da gangan. To, haka ake yi a kasuwar na'urorin wasan bidiyo. Ribar tana cikin wasannin da mai na'ura zai riƙa saye shekara da shekaru, domin kamfani yana da la'ada a kan kowanne. Kowace na'ura da ta shiga gida tamkar rumfa ce aka kafa a cikinsa.

Sai dai ragi iri biyu ne. Sony ya fito da PlayStation 3 a 2006, babbarta dala 599 a Amurka, jama'a suka ja da baya. A 2009, bayan an ƙanƙanta kayan cikinta, kuɗin ƙira ya sauka, aka fito da siririya a kan dala 299. Ciniki ya farfaɗo, hasarar da ake yi a kan kowace na'ura kuma ta ragu.

Na Nintendo kuwa ragin dole ne. A 2011, 3DS ba ta cika wata shida a kasuwa ba, ya sauke farashinta daga dala 250 zuwa 170, alhali na'urar ba ta canza ba. Ciniki ya tashi, gaskiya ne. Amma waɗanda suka riga suka saya da tsada sun ji an cuce su, sai da aka lallashe su da wasanni 20 kyauta. Shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa, kuma Nintendo ya rufe shekarar kuɗi a Maris 2012 da hasara.