Fitilar Igiya da Makunnin Rage Haske: Jawabi ga Magidantan Garin Bauchi

An shirya wannan jawabi ne domin magidanta da masu gyaran wuta na garin Bauchi, saboda ganin yadda fitilar igiya ta LED ta shiga gidaje, tun daga Yelwa har Fadaman Mada. Ana zagaye silin da ita, ana ƙawata ɗakin amarya da shagon ɗinki. Kukan da aka fi ji game da ita shi ne ƙyaftawa, da ƙugi kamar na ƙudan zuma, da mutuwa tun ba a ci moriyar kuɗinta ba. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan mai kayan wuta na Kasuwar Wunti, ko a kan wutar gari, alhali kuwa makunnin da aka haɗa mata ne ba nata ba.

Wutar da ke zuwa gida, wadda har yau jama'a ke kira wutar NEPA ko da yake tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kawo ta Bauchi, ƙarfinta wajen volt 230 ne, kuma tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Ita kuwa fitilar igiya, akasarinta volt 12 ko 24 take sha, wuta mai gudu hanya ɗaya irin ta batirin mota. Don haka ne ake sayar da ita tare da wani ɗan akwati da ake kira adafta, wanda ke sauko da wutar ya daidaita mata.

Tsohon makunnin rage haske na bango, watau dima, an ƙera shi ne domin ƙwan lantarki mai zare a ciki. Aikinsa shi ne ya yanke wani yanki daga kowane zuwan wuta, shi kuwa zaren ƙwan da yake ya riga ya yi ja, ba ya hucewa a wannan ɗan tsakanin, saboda haka ido ba ya ganin komai sai raguwar haske. Adafta ba haka take ba. Cikakkiyar wuta take bukata, in aka ba ta guntu-guntu sai ta riƙa fizga tana saki, fitila ta yi ta ƙyaftawa, akwatin ya yi ƙugi, ya ɗauki zafi. Har ila yau tsohuwar dima tana son kaya mai nauyi kafin ta yi aiki sosai, fitilar LED kuwa kaɗan take ci. Mafi muni shi ne abin da waɗansu ke yi na ɗaura fitilar a kan regiletan fanka, don sun ga shi ma murɗa shi ake yi. Kowane allazi da nasa amanu: na fanka daban, na fitila daban.

Hanyar da ta dace ita ce a bar adafta ta sha wutarta cikakkiya, a sa dimar a bayanta, tsakaninta da igiyar. Irin wannan dima ƙarama ce, an rubuta volt 12 ko 24 a jikinta, wata ma da rimot take zuwa. Kunnawa da kashewa take yi sau ɗaruruwa a daƙiƙa, da saurin da ido ba ya kamawa. Wanda ya fi son makunnin bango, wajibi ne ya nemi adaftar da aka rubuta a jikinta cewa tana karɓar dima, da dimar da aka yi musamman domin LED. In ba a rubuta ba, to, a ɗauka ba ta karɓa.

Idan fitila tana ƙyaftawa, sai a kashe wuta daga babban makunni, a cire dimar, a haɗa kai tsaye a gwada. In ta tsaya cak, an gano mai laifi. In ta ci gaba, sai a duba ko an yi wa adafta lodi fiye da ƙima. Ga misali: igiyar da ke cin wat 14.4 a kowace mita, naɗi ɗaya mai mita 5 zai ci wat 72, don haka adafta mai wat 60 ta yi kaɗan, mai wat 100 ce za ta ɗauka da sarari. Adaftar da aka danne takan mutu ta farfaɗo, ta mutu ta farfaɗo. Igiyar da ta yi haske a farkonta ta dushe a ƙarshe kuwa, tsawo ne ya yi mata yawa, maganinta a ba kowane naɗi tasa wayar daga adafta, maimakon a jona su bi da bi.

Akwai abin da ya shafi gidajen da ke da sola. Batirin da ake kira mai volt 12 yakan haura volt 14 lokacin da yake caji da rana, wanda ya jona igiya kai tsaye a kansa zai ga ta yi haske ƙwarai, ta yi zafi, ta tsufa da wuri. Ƙaramin janareto da inbata mai araha su ma sukan sa dimar bango ƙugi, domin wutarsu ba ta da santsin ta gari.

Batun da ya fi ƙyaftawa haɗari shi ne gobara. An saba cusa adafta cikin silin don kada ta ɓata ado, inda babu iska, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu ta toshe ƙofofinta, ga katako a kusa. Ya kamata a ajiye ta inda iska ke ratsawa kuma hannu ke kaiwa. Adaftar da ba a iya ɗora hannu a kanta, ko mai ƙauri, a cire ta nan take. Akwai kuma wata igiya mai kauri da ake sawa kai tsaye a soket ba tare da adafta ba: wannan cikakkiyar wutar gida ce a cikinta, kada a yanka ta ko a taɓa bakinta tana kunne, kada kuma a sa ta inda yara ke kaiwa.

Duk aikin da ya shafi wayar bango, a bar wa mai gyaran wuta da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa domin duba ingancin aikin lantarki. Mai zuwa kasuwa kuma ya tafi da tsohuwar adaftar da guntun igiyar, ya sa a haɗa su da sabuwar dimar a gabansa, a murɗa ta har ƙasa, domin a nan ne ƙyaftawa ke fara bayyana.