In Mun Fita Waje, Mu Riƙa Kallon Gini da Idon Basira



Da yawanmu yanzu muna fita ƙasashen waje, wasu fatauci, wasu neman magani, wasu karatu. Sai mutum ya ga gida mai gilashi tun daga sama har ƙasa, ya ɗauko hoto, ya dawo ya miƙa wa birkila ya ce irin wannan yake so. To jama'a, a kan wannan ne za mu ɗan yi tsokaci.

Wanda ya je Faris, ya daure ya leƙa garin Poissy da ke yamma da birnin. A nan akwai wani farin gida mai suna Villa Savoye, wanda Le Corbusier ya zana, aka gina tsakanin 1928 da 1931. An ɗora shi bisa siraran ginshiƙan kankare, tagoginsa dogaye a kwance, rufinsa shimfiɗaɗɗe har da lambu a kai. Masana daga ko'ina suna zuwa kallonsa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. Amma fa tun shekarun farko rufin nan yake yoyo. Uwargidan ta yi ta rubuta wa mai zanen wasiƙun koke, kuma a 1940 iyalin suka tashi daga gidan. In ruwan Faransa ya yi wa rufi haka, ina ga daminar Ibadan?

Masu zuwa Indiya kuwa, ga birnin Chandigarh. An gina shi ne bayan rabuwar 1947, da Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan, jihar Punjab ta rasa hedikwata. Le Corbusier ɗin nan dai shi ya tsara shi, amma a nan ya yi la'akari da rana. Ku dubi Babbar Kotu: rufi biyu gare ta, na sama kamar laima, iska na ratsawa tsakaninsu, ga faifan kankare a gaban tagogi suna tare hasken rana.

Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi a can akwai wasu Turawan Ingila, miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew. Su ne suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, har da laburaren da yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike. Bangonsa huje-huje ne kamar rariya, iska ta shiga, rana ta tsaya waje. Ka ga ke nan wannan ko biza ba ya buƙata, kuɗin tasi kawai.

Saboda haka in mun tsaya gaban gini a waje, mu tambayi kanmu: ta ina iska ke shiga? Ina ruwan sama ke bi? In an ɗauke wuta zai zaunu? Ina baƙo zai sauka, tunda mu masu saukar baƙi ne? Gidan da ba shi da zaure, ba tsakar gida, ko ya burge masu wucewa, mata da yara ne za su sha zafinsa, maigida kuma ya ƙare a sayen man janareto.

Tafiya mabuɗin ilimi ce. Mu ɗauko dabarar, mu auna ta da yanayin garin da muke zaune, kafin mu sayi buhun siminti ko ɗaya.