Laccar Gazara: Halin da Ya Ɗaukaka Alhassan Ɗantata



Maganarmu ta yau a kan Alhaji Alhassan Ɗantata ce, wanda ya rasu a Kano cikin 1955 ana lissafta shi gaba da dukan attajiran Afirka ta Yamma. In an ambaci sunansa a rumfa sai ka ji wani ya ce, "Ai rabo ne." Mun yarda arziki na Allah ne, amma mutumin nan yana da hali, kuma halin muka zo dubawa.

An haife shi a Bebeji cikin 1877, a gidan Agalawa fatake. Yana yaro ubansa ya rasu, uwarsa kuwa ta tafi Ankara ta bar shi hannun wata tsohuwa, Tata. Daga gare ta sunan ya fito. A ganinmu maraicin nan shi ne ya fara tura shi, domin yaron da ya san babu mai ɗauke masa nauyi ba ya wasa da kwabo.

Ku dubi cinikin goro. Fatake kan yi wata da watanni da jakuna a hanyar Gwanja, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, goro kuwa ba ya jiran kowa. Shi sai ya loda nasa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Hanyar kakanninsa ce ya saki, ba don raini ba, don ya yi lissafin kwanaki da asara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, ya juya can, yana ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su saya. Kuɗi a hannun wanda ya yi nisan kwana uku, wannan sai da amana, ta mai bayarwa da ta mai karɓa.

Cikin 1929, da aka buɗe banki a Kano, lokacin da masu kuɗi ke binne nasu a ɗaka, shi ya aika da kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa.

To, 'yan'uwa, mu da muke noman rake muna dafa mazarƙwaila muna kaiwa kasuwar Maƙarfi, ina namu yake shiga? Da yawanmu ba mu raba uwar kuɗi da riba. Kaka ta yi, sai biki da sabuwar riga, damina ta faɗi, sai bashi. Alhassan kuwa an san shi da sauƙin ci da sutura, ribar bana ita ce jarin baɗi.

Gidan bai watse bayansa ba, 'ya'yansa suka riƙe cinikin. Aliko Ɗangote ma jininsa ne, ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya, 'yar Sanusi Ɗantata.