Amsar Wasiƙa: Tsoho Ko Yaro A Tsakiyar Fili?

 Wasiƙarmu ta yau daga Ringim take. Mai wasiƙar ya ce musu ya raba majalisarsu biyu, har wasu ba sa gaisawa: shin daidai ne da Kano Pillars ta ci gaba da sa Rabi'u Ali raba ƙwallo bayan ya haura shekara 40, ga yara zaune a benci?

To malam, mai raba ƙwallo kamar mai riƙe garma ne. Shanu ke ja, shi ke miƙe kunya. Aikin ido ne, ba gudu ba. Da Rabi'u Pillars ta ci gasar ƙasa a 2012, 2013 da 2014.

Benci kuma ba wulaƙanci ba ne. A Kofin Afirka na 1994, koci Westerhof ya ajiye Amunike sai wasan ƙarshe, shi kuwa ya ci biyun da aka doke Zambiya 2-1.

Don haka ku riƙa lura: in ƙwallo ba ta isa gaban raga, a tuhumi mai rabawa da tsarin koci. In tana isa ana ɓararwa, laifin 'yan gaba ne. Amma don Allah ku koma gaisawa.