Layin Gaggawa Da Safarar Mutane A Kan Iyakar Kongolam

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara

 

An umarce ni da in yi bayani a kan aikina, wanda ko a gidanmu wasu suna ɗauka a kamfanin waya nake. Aikina shi ne horar da masu amsa kira a layukan gaggawa na yaƙi da safarar mutane, a nan gida da wasu ƙasashen. Na karɓi wannan umarni da hannu biyu, domin babu inda batun ya fi shafa kamar garinmu.

Kowa a nan ya san hanyar. Daga Daura zuwa Kongolam, a tsallaka Ɗan Barto, a bi ta Matamaye zuwa Damagaram, sai Agadas, daga can kuma a nufi Aljeriya ko Libiya. Hanyar fatauci ce da zumunci, amma ita ce kuma miyagu ke bi da 'ya'yan mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma da yawansu daga yankin Kance suka fito, wato maƙwabtanmu da muke cin kasuwa ɗaya, muke auratayya.

Ba a rasa doka ba. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo, wadda ta fayyace ma'anar safarar mutane: a ɗauki mutum da yaudara ko tilas ko barazana domin a ci guminsa. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta kuma sabunta dokarta a 2015. Nijar ta yi tata dokar a 2010. Sai dai a Nuwamban 2023 Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, don haka nauyin sa ido ya ƙaru a kanmu mazauna bakin iyaka. Doka kuwa ba ta aiki sai labari ya isa ga hukuma, kuma amfanin layin gaggawa ke nan. A Nijeriya gajeriyar lambar NAPTIP ita ce 627.

Abin da muke koya wa mai amsa kira ba shi da yawa, amma yana da wuyar riƙewa. Na farko, kafin ya tambayi suna, ya tambaya ko mai kiran na iya magana a yanzu, ko akwai wani kusa da ita. Na biyu, kada ya yi faɗa ko ya ce me ya kai ki. Na uku, kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Na huɗu, ya riƙe sirri, ya kuma san wanda zai miƙa wa maganar nan take: jami'an tsaro ne, ko gidan ba da mafaka, ko ofishin jakadanci, ko hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, mai cibiya a Agadas.

Abin da ya fi ba ni wahala a wannan aiki shi ne harshe. Na taɓa horar da wata ma'aikaciya a wata ƙasa, ta ba ni labarin wata yarinya da ta kira tana kuka cikin yaren da ba ta gane ba, har wayar ta katse. Da ta kwaikwayi kalmar da yarinyar ke ta maimaitawa, sai na ji "gida" ce. Har yau abin bai bar raina ba. Ko ma an sami mai jin Hausa, 'yarmu mai kunya ba za ta faɗi abin da ake yi mata kai tsaye ba, sai dai ta ce zaman ba daɗi. Wanda ya san al'adarmu ne zai tambaye ta a hankali: fasfonki yana hannunki? Ana biyan ki? Kina iya fita? An ɗora miki bashi?

Na kuma lura cewa sau da yawa ba wanda aka zalunta ke fara kira ba, uwa ce, ko wa, ko direban da ya ga abin da bai kwanta masa ba. Wato ku ne.

A nan zan nemi afuwa in faɗi mai ɗaci. Mu mazauna birni mu ne ke aiko wa gida a samo mana 'yar aiki, wata dillaliya ta kawo ta, ita ke karɓar kuɗin, yarinya ba boko ba Islamiyya. Dokar 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Mu rubuta lambar 627 a tashoshin mota da kasuwanni da makarantu, da boko da ajami. Mu roƙi limamanmu da shugabannin direbobi su riƙa faɗakarwa, musamman a ranar 30 ga Yuli, ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya. Sannan duk wanda aka ce an samar wa ɗansa ko 'yarsa aiki a waje, ya bincika kafin a kama hanya, domin rigakafi ya fi magani. Wadda kuma Allah Ya dawo da ita, mu karɓe ta ba tare da gori ba, don tsoron gorin ne ke hana wasu kira.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ja zamanin Sarki, Ya mai da kowa gidansa lafiya.