Keso: Abin da ke Cikin Dubu Ashirin



Batunmu na yau lamba ɗaya ce tak, watau 20,000. Kakanninmu suna kiranta keso, domin adadin wurin da ake ɗurawa cikin jakar tabarma guda ke nan. Baturen nan Barth, da ya ratsa Tasawa da Katsina a 1851, ya tarar fatake suna ƙirga wuri biyar-biyar, suna tarawa har jaka ta cika.

To, mene ne ya sa dubu ashirin? Bari mu feɗe ta. Da farko dai cika ce, ba mara ba. In aka yi ta raba ta biyu, sai a sami 10,000, da 5,000, da 2,500, da 1,250, da 625. Daga nan biyu ta gaza, biyar ta karɓa: 125, 25, 5, 1. Ashe tushenta biyu ne kaɗai, watau 2 da 5, kuma 32 sau 625 shi ne keso. Saboda haka lambobi 30 ne ke raba ta ba saura, daga 1 har ita kanta. Abokan ciniki huɗu, ko takwas, ko ashirin da biyar, za su raba keso lafiya lau. Amma in su uku ne, wuri biyu za su rage, su san yadda za su yi da su!

Masanan Yunan sun kasa lambobi gida uku. Akan tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6, da ke 1 da 2 da 3. In ta gaza, gajiyayya ce. In ta zarce, wadatacciya ce. Masu raba keso sun tashi 29,203, saboda haka wadatacciya ce.

Wuri ya tafi, amma ƙidayar biyar-biyar tana nan. A Gangara da sauran garuruwan Jibiya na bakin iyaka, mai canji ya san dala ita ce sefa biyar, jaka kuwa sefa dubu. Sefa 20,000 a bakinsa dala 4,000 ce, ko jaka ashirin, kuma da ka yake lissafin.

Kada mu manta da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda a 1732 ya rubuta yadda ake shirya hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741.

'Yan'uwa, da yawanmu gobe za mu riƙe baitulmali ko aji. In muka koya wa yara cewa lissafi baƙo ne a ƙasar nan, tsoronsa za su ji. Mu fara musu da keso da dala, da harshen da suka tashi da shi, sa'an nan mu kai su gaba.